Na Taya Mako Guda, Aka Sallama

Ina kasa kaya a bakin titin Canal, nan Amurka, huluna da safar hannu idan sanyi ya shigo, tabarau da laima idan ya fita, lokacin da ƙanin matata ya sayi mako guda a Florida. Haka ya faɗa mana, kuma haka abin yake. Ba gida ya saya ba, ba ɗaki ba, mako ya saya. Akwai wani ƙaton filin wasa a can, irin wanda yara ke gani a talabijin su hana mutum sakat, kuma ciki da kewayensa an gina masaukai rututu. Sai ka biya kuɗi mai kauri, daga nan duk shekara kana da kwana bakwai a ɗaya daga cikin ɗakunan. Sauran makonnin na wasu mutane ne da ba ka taɓa gani ba. Taimshiya suke ce wa abin.

Tun da na ji ban natsu da shi ba. Sai dai abubuwan da ban natsu da su ba suna da yawa, shi ya sa a gidanmu ba a cika ɗaukar rashin natsuwata da nauyi ba. Nakan sauko daga hawa na biyar har ƙofar titi, in sake hawa don in duba ko an kashe murhu, alhali ni na kashe shi da hannuna.

Wata Lahadi bayan azahar ƙanin matata ya zo gidanmu a Morris Heights, cikin yankin Bronx, cin abinci. A asibiti yake aiki, ya yi karatu, kuma tun yana yaro muke wasa da shi irin na miji da ƙanin mata, don haka ba ya raga mini. Alhaji ma ya hawo. Shi mutumin Kumasi ne, teburinsa na jikin nawa a Canal, gidansa hawa biyu ƙasa da namu, kuma ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. 'Yarsa da mijinta su ma sun sayi irin wannan mako, amma a wani masauki da ke wajen filin wasan, har sun taɓa kai shi. Ba a gama wanke hannu ba musu ya tashi.

"Namu a cikin filin yake, Alhaji," in ji ƙanin matata. "Ka fito daga ɗaki, ka taka kaɗan, ga ka a bakin ƙofa. Ba jiran bas, ba neman wurin ajiye mota. Ta taga ma kana hango wasan wuta."

"Ta taga ka hango wasan wuta," in ji Alhaji. "In ka buɗe firiji me kake hangowa?"

"Akwai gidajen abinci ko'ina."

"Me ka ci?"

"Kifi da dankali."

"Kwana bakwai?"

"Da biredi."

"Shi ya sa ka dawo da wuya kamar na zalɓe. Namu yana da kicin, murhu mai kai huɗu. 'Yata ta tafi da garinta da kukarta da daddawarta. Na ci tuwo a Florida, yaro. Na yi salla a falo mai faɗi, ban ture gado ba."

"Kuka kuma yi awa guda a bas kafin ku ga ƙofar filin."

"Rabin awa. Ina da tagar da zan jingina, na yi barcina."

Ƙanin matata ya ce nasu ya fi domin ba tsayayyen mako ba ne, maki ake ba su duk shekara, mutum ya kashe makinsa lokacin da ya ga dama. Alhaji ya ce wannan shi ne babban aibinsa. Nasu mako ne sananne, na biyu a watan da yara ke hutu, kowa ya san shi kamar yadda ya san ranar kasuwa.

"Maki kuwa mudu ne," ya ce, "kuma a hannun mai kaya mudun yake. Bana makinka ya auna maka kwana bakwai. Baɗi in sun sassaƙe mudun ya auna maka biyar, wa za ka kai wa ƙara?"

"To tsayayyen makonku fa? Azumi yana zagayawa, Alhaji. Ranar da ya faɗo a kan makon nan, sai ka je ka bi layi cikin ranar Florida da baki a bushe, jikoki suna shan ƙanƙara a gabanka."

Alhaji ya yi lissafi da yatsu. Ya ce kafin azumi ya zagayo wurin, Allah kaɗai ya san mai rai. Amma na ga maganar ta shige shi.

Ni duk wannan ba shi ne damuwata ba. Na tambayi wa ya kwana a gadon kafin kai. Ƙanin matata ya ce ana canja zanin gado. Na tambaya ko in an biya an gama biya ke nan. Nan suka haɗa baki karo na farko, suka ce akwai ɗan kuɗin gyara duk shekara.

"Shekarar da ba ka je ba fa?"

"Ka biya."

"Shekarar da ba ka da lafiya?"

"Ka biya, Yaya."

"In ka mutu?"

"Kai dai, Yaya, ba a hira da kai sai ka kai mutum kabari. Yaya mace, yaya kike yi da mutumin nan?"

Matata ta yi dariya, amma na lura ta riƙe takardar hotunan masaukin da ƙaninta ya zo da ita ba ta ajiye ba. Tana kula da wata tsohuwa a Flatbush kwana shida a mako, jirgin ƙasa biyu zuwa, biyu dawowa. Yaranmu uku ba su taɓa zuwa ko'ina ba in ban da gidan ƙanwata a New Jersey. Bayan baƙi sun tafi ta ce, "Malam, sauraro ai ba saye ba ne. Ƙanina ya ce in mun je wajen tallarsu mun saurara awa ɗaya da rabi, za su ba mu tikitin shiga filin kyauta."

Kalmar kyautar nan ita ta fi tayar mini da hankali. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na kira ƙanin nata na tambaye shi me shi zai samu in mun je. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce za su ƙara masa 'yan maki. Na ce to, yanzu na fara ganin ƙafar abin. Duk da haka na yarda, saboda yadda ta riƙe takardar nan.

Ranar Asabar da safe muka je, ranar da kasuwa ta fi ci a Canal, matata ma sai da ta nemi izini a wurin aiki. Wani otal ne a tsakiyar Manhattan, hawa na uku, babban ɗaki cike da ƙananan tebura masu zagaye, kowanne da miji da mata da mai talla guda. A gefe an jera abinci. Na duba ban ga abin da na tabbatar da abin da ke cikinsa ba, sai na ɗauki ayaba ɗaya da shayi. Ko su ɗin sai da na yi jim, domin na san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wanda aka haɗa mu da shi saurayi ne dogo, takalminsa ya sha goga amma dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya. Ya yi mana sallama irin tamu, bakinsa na karkacewa. Ya tambayi shekarun yara. Ya tambayi yaushe rabonmu da hutu, matata ta kalle ni, ni na kalli shayi. Ya iya rubutu a juye, yana zaune a gabanmu yana rubuta lambobi suna fuskantarmu, wannan kuwa ya ƙara mini zargi, don mutum ba ya koyon irin wannan sai ya yi shi sau dubu. Ya nuna mana masaukin cikin fili, ya nuna na waje. Duk abin da Alhaji da ƙanin matata suka yi musu a kai yana da amsarsa. Da na ce kicin, ya nuna kicin. Da na ce azumi, ya ce yana da abokan ciniki Musulmi da yawa, maki ne maganin wannan. Na fara tunanin ko ƙanin matata ya ba shi labarinmu tun kafin mu zo.

Awa ɗaya da rabi ta zama uku. Muryarsa ta dushe, ya sha ruwa sau biyu. Ya cika takarda huɗu da zane. A ƙarshe ya rubuta farashi ya zagaye shi, ya ajiye alƙalami ya kalle ni.

A nan ne na yi kuskuren, kuma dole in faɗi inda ya samo asali. Mahaifina albasa yake sayarwa buhu-buhu a kasuwar garinmu, a gindinsa na tashi bayan na gama firamare. A can, idan mai kaya ya kwance maka kayansa, ya zazzage, ya ɓata lokacinsa a kanka, ba ka juya baya ka tafi haka kawai. Wulaƙanci ne. Sai ka taya. In ba ka da niyyar saye, ka taya ƙasa ƙwarai, inda ka san ba zai yiwu ba. Shi kuma ya ce albarka. Ka ce Allah ya kawo kasuwa. Kowa ya tafi da mutuncinsa, shi bai ji an raina kayansa ba, kai ba ka ji ka ci amanar lokacinsa ba. Amma akwai ɗaya gefen. In ka taya, mai kaya ya ce ya sallama, to ciniki ya faɗa. Ba ka da bakin cewa wasa kake. Na taɓa ganin mahaifina ya ɗauki buhu ashirin na albasar da ta fara tsiro, yana sane, don kawai ya taya an sallama masa. Wanda ya taya ya gudu kuwa, har yaran kasuwa sun san shi, kuma ba mai sake kwance masa buhu.

Na dubi saurayin nan da dusasshiyar muryarsa, na tuna na sha shayinsu. Na karɓi alƙalamin na rubuta kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zagaye. A raina na riga na fara shirin miƙewa. Jira kawai nake ya yi dariya ya ce ba zai yiwu ba, in yi masa fatan alheri, mu kama hanyar jirgi.

Bai yi dariya ba. Ya dubi lambar ya ce in ba shi minti biyu. Ya dawo da manajansa, wani mai ƙiba da agogo babba. Manajan ya ja kujera ya zauna, ya ce ba a saba yin haka ba, amma akwai wani iyali da suka mayar da nasu cikin makon nan, ƙaramin ɗaki ne, kuma shekara ɗaya za a riƙa tsallakewa. Ya ce ya ga mu mutanen kirki ne. Ya ce ya amince da abin da na rubuta. Ya miƙo hannu.

Hannun da aka miƙo maka, kafin ka yi tunani naka ya riga ya tafi. Muka tafa. Wani ya kaɗa ƙararrawa a bayan ɗakin, masu tallan sauran tebura suka yi tafi. Matata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da na ji a ƙashi.

Aka kawo takardu, kaurinsu ya kai na bulo. Ina karanta Turanci, amma a hankali, da yatsa, kuma irin wannan ƙananan rubutun yakan yi mini yawo a ido. Matata ta fi ni sauri. Ta buɗe, ta bi shafi uku, ta tsaya a wani wuri ta daɗe. Sannan ta ce mini da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, fuskarta na murmushi saboda masu kallo, "Kuɗin gyaran nan ba shi da ranar ƙarewa, kuma sun ce suna iya ƙara shi. Har kan magada yake bi. In ka taɓa alƙalamin nan, kai kaɗai za ka koma Bronx."

Na ce wa manajan ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Ya ce wannan farashi na yau ne kawai. Na ce to ni karatuna ba na yau kawai ba ne. Suka koma gefe suka yi shawara, sai ga shi farashin yau ya iya jira har Laraba.

A jirgi lamba huɗu, bayan mun wuce Harlem, matata ta juyo gare ni. Ita da ta so abin, yanzu ko sunansa ba ta son ji. Ni da ban taɓa so ba, ni ne na taya aka sallama mini.

"Ba ka sa hannu ba," ta ce.

"Na ba da hannu."

"Malam, nan Amurka ce. Takarda suka sani."

"Ni ai ba takarda na sani ba."

Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Abu biyu ke cina, kuma kowanne yana ƙaryata ɗaya. Na farko, na tabbata akwai rami a cikin cinikin. Kayan da aka sallama a kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da an ko yi tsaki ba, mai shi ya san abin da ya sani. Iyalin da aka ce sun mayar da nasu, me suka gani? Ko ma akwai su? Na biyu kuma, duk zargin da nake yi musu, ni na fara yin abin zargi. Na rubuta lamba ba da niyyar saye ba. A garinmu kowa ya san ma'anar irin wannan tayi, don haka ba yaudara ba ce. Shi wannan saurayi bai sani ba. A wurinsa, mutum ya ce zai saya a kaza, an ba shi a kaza. In na toshe wayata na ɓace, me ya raba ni da waɗanda ke ɗaga hula a teburina, su sa in rage, in sa a leda, sannan su ce bari su je su dawo?

Ƙanin matata ya kira, ya riga ya ji labari wurin yayarsa. Dariya ta hana shi magana.

"Yaya, kai da ka je da bincike kamar ɗan sanda, kai ne ka saya a awa uku? Ni sai da na je sau biyu."

"Ban saya ba. Na taya."

"To ka share su. Ko kuma ka sa hannu mu zama maƙwabta, in riƙa aiko maka da kifi da dankali."

Ran Litinin a Canal, da kasuwa ta lafa wajen ƙarfe biyu, na faɗa wa Alhaji komai. Yana jera bel-bel a teburinsa, bai ɗago ba sai da na gama.

"Ka taya?"

"Na taya."

"Da bakinka?"

"Da alƙalami."

"Ya sallama?"

"Ya sallama."

"Kun tafa?"

"Mun tafa, Alhaji. Har ƙararrawa aka kaɗa."

Ya ajiye bel ɗin hannunsa. Shi kaɗai ne a cikin duk waɗanda na gaya wa bai ce mini nan Amurka ce ba. Ya taɓa sayar da goro a Kumasi kafin ya zo, ya san abin da nake nufi.

"Ciniki ya faɗa," ya ce. "Wane ne ma, na ciki ko na waje?"

"Na ciki."

"Ko kicin babu. Kai ma dai." Ya girgiza kai. Can ya ce akwai abin dubawa: na taya babban ɗaki na kowace shekara, su kuma suka sallama ƙarami na shekara bi shekara, kayan ba ɗaya ba ne. Na ce na yi wannan tunanin, amma an faɗa mini haka kafin in miƙa hannu, kunnena ya ji. Ya ce gaskiya ne.

"To saura ƙofa ɗaya. Mai saye in ya yi nadama, yana iya komawa wurin mai kaya ya roƙe shi ya sake shi. Ba dole ba ne a kansa, alfarma ce. In ya sake ka, ka fita fes. Amma ka je da ƙafarka, ba ta waya ba, kuma ya faɗa da bakinsa."

"In ya ƙi fa?"

"In ya ƙi sai mu sake zama. Kada ka haƙa kabarin tukuna."

Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa da Turanci. Na rubuta a bayan kwalin safar hannu, na gyara, na haddace. Ran Laraba na bar wa Alhaji teburina na hau jirgi. Duk hanya ina tunanin zan tarar sun kwashe sun gudu, ɗakin babu kowa, in rasa wanda zai sake ni har abada. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, in same su ko in rasa su.

Suna nan. Saurayin yana tare da wasu miji da mata, aka ce in jira. Kujerar da aka ba ni tana kusa da teburinsu, don haka na ji komai. Tambayoyin da ya yi mana su ya yi musu, a jere ɗaya. Inda ya yi mana dariya, nan ya yi musu. Ya ce yana da abokan ciniki 'yan ƙasarsu da yawa. Da suka tashi ba su saya ba, ko tayi ba su yi ba, matar ma har ta cika jakarta da lemo. Ya bi su da ido, ya murza fuska da tafin hannu, sannan ya juyo ya gan ni. Sai da ya duba wata takarda kafin ya tuna ni.

Na faɗi abin da na haddace. Na ce ran Asabar na faɗi farashi, an amince, mun yi musabaha. Na ce na yi haka ne don kunya, ba don niyyar saye ba, kuma laifina ne. Na ce ba zan iya ɗaukar wannan kaya ba, na zo in roƙi a sake ni daga maganata.

Ya saurara yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce ya fahimta sarai, ya jawo farar takarda ya rubuta wata lamba a juye, ƙasa da wadda na taya.

Na daɗe ina kallonta. Tunda nake ban taɓa ganin mai kaya ya sallama, sannan ya dawo ya rage da kansa ba. Ashe tayin da na ɗauka ƙasa ne ƙwarai, har na ji kunyar rubuta shi, akwai sauran rami a ƙarƙashinsa. Da na sa hannu ran Asabar, da wannan ragin yana aljihunsu ba wanda zai ambace shi.

"Ba ragi na zo nema ba," na ce.

Ya ce in ba shi minti biyu. Manajan ya zo da agogonsa, ya ja kujera kamar wancan karon. Ya ce akwai wani tsari na gwaji, shekara biyu kawai, in bai yi mini ba shi ke nan. Na ce ba na so. Ya ce me matata take so? Na ce ita ta fi ni ƙi. Ya ce yara fa, ba na son su tuna wani abu in sun girma? Wannan ta taɓa ni, kuma na ga ya san za ta taɓa ni, shi ya sa ya ajiye ta sai ƙarshe. Na riƙe gefen tebur na ce abu ɗaya na zo nema. Ya ɗaga kafaɗa ya tashi ya koma kan wani tebur.

Na san a lokacin ina iya tafiya. Su da kansu suka sake buɗe cinikin da suka rufe, ko a kasuwar garinmu ba dattijon da zai ce na gudu. Amma Alhaji ya ce da baki, kuma na san halina. In ban ji da kunnena ba, zan yi shekara ina juya abin.

Saurayin ya rage murya. "Maigida, ba wanda ya riƙe ka. Ba ka sa hannu a komai ba. Ga ƙofa can."

"Na ga ƙofa. So nake ka ce ka sake ni."

"Ba ma faɗin irin wannan a nan."

"Don me?"

Ya waiga wajen manajan. "In abokin ciniki ya ce a'a, aikina in ji kamar ya ce tukuna."

"To ni ba tukuna na ce ba. Na ɓata maka awa uku ran Asabar, na sa an kaɗa maka ƙararrawa a banza. Ka yafe mini wannan, kuma ka ce ka sake ni."

Ya kalle ni kamar yana neman inda dabarar take. Na gane kallon, irinsa nake yi masa tun ran farko. Da bai samu ba, ya ajiye alƙalamin.

"Na sake ka," ya ce. "Ƙararrawar ma kada ta dame ka. Ana kaɗa ta ne don sauran tebura su ji."

Na yi masa godiya, na yi masa fatan kasuwa mai albarka, wadda ba a cuci kowa a cikinta ba. Ya ce amin da irin nasa bakin.

Har na kai bakin lifta na danna, sai wani abu ya faɗo mini. Ba saurayin ne ya sallama mini ba. Shi talla kawai ya yi. Wanda ya ce ya amince, wanda na tafa da shi, manajan ne. Lifta ta buɗe, ta jira, ta rufe ina tsaye.

Na koma. Manajan yana jingine da bango kusa da teburin abinci yana duba wayarsa. Na tsaya a gabansa na ce da shi muka yi musabaha, don haka daga bakinsa nake so in ji. Bai gane ba, sai da saurayin ya taso ya yi masa bayani a kunne. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Shi ke nan abin da kake so?"

"Shi ke nan."

"An sake ka," ya ce, idonsa ya riga ya koma kan waya.

Ba da daɗin rai ya faɗa ba, kuma da na so a ce ya kalle ni. Na tsaya kaɗan ina auna ko hakan ya wadatar. Ya faɗa da bakinsa, a gaban shaida, na ji da kunnena. Na karɓa a haka, na sauka ta matakala.